Laimar Kwaɗin Kan Kandilo: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Duk wanda ya san ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum a watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, ya san yadda ake wayar gari a ga laimar kwaɗi tsaye a inda jiya babu komai. Tana fitowa a gefen turken shanu, da kan tsohon kandilon da ruwa ya jiƙa, da gindin suri, da jikin kututturen da ya fara ruɓewa. Yara su shure ta da ƙafa, manya su wuce ko kallo ba ta ishe su ba, kafin la'asar rana ta yanƙwanar da ita. Wasu su ce mata laimar kwaɗi, wasu su ce naman kaza, kuma a ƙarƙashin waɗannan sunaye 'yan ƙalilan muka tattara halittu masu ɗimbin yawa, waɗanda a cikinsu akwai abinci, akwai guba mai kisa, akwai kuma mai gusar da hankali.

A wannan makon ina so mu tsaya a kan rukuni na ƙarshe, wato masu ɗauke da sinadarin da ake kira silosaibin, wanda ke juya tunanin mutum har ya riƙa gani da jin abin da babu shi. Masana sun shafe shekaru suna muhawara a kan asalin mafi shahara a cikinsu, kuma nahiyar Afirka tana tsakiyar muhawarar. Mu da muke da shanun da kandilon da daminar, babu muryarmu a ciki. Abin da zai ba mu baki a wannan zance, ya kuma taimaka mana wajen tsare 'ya'yanmu, shi ne sanin wata ƙura da ido ba ya iya rarrabe ta, wato ƙurar irin da laimar ke zubarwa.

Bari mu fara daga tushe. Laimar kwaɗi ba ta cikin dangin gero da dawa. 'Yar uwar funfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu ce, da yis ɗin da ke kumbura burodi. Ainihin jikinta wasu siraran zarurruka ne farare da ke saƙe a cikin ƙasa ko itace ko kashin dabba, suna cin abin da ya ruɓe. Laimar da muke gani a waje aikinta guda ne, watsa iri. Idan mai karatu ya tsinko ta ya juya ta, zai ga wasu haƙarƙari shara-shara a jere kamar shafukan littafi. A jikinsu ƙwayoyin iri suke fitowa, galibi huɗu-huɗu a kan kowane ɗan mitsitsin sanda, kuma laima guda babba tana iya zubar da miliyoyinsu a cikin sa'a ɗaya.

Yadda ƙwayar ke barin uwarta abin mamaki ne. Wani ɗigon ruwa ne ke taruwa a gindinta, idan ya kai girmansa sai ya haɗe da laimar ruwan da ke jikin ƙwayar farat ɗaya, wannan motsin ya cilla ta zuwa tsakanin haƙarƙarin, daga nan ta faɗo iska ta ɗauke ta. Ana kiran wannan ɗigo da sunan Reginald Buller, masanin da ya yi nazarinsa a Jami'ar Manitoba ta Kanada a farkon ƙarni na 20. Ga dalili ɗaya da ya sa sai da raɓa da danshi laimar ke aikinta, shi ya sa ba a ganin ta da rani.

To, yaya ƙwayar take a ƙarƙashin maikuroskof, madubin nan da ke girmama abin da ido ba ya gani? Mu ɗauki wadda ta fi kowace suna a ƙasashe masu zafi, Psilocybe cubensis. Ana auna ƙwayarta da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Tsawonta yana kamawa daga kimanin 11 zuwa 17, faɗinta daga 8 zuwa 11. Ke nan sai an jera kimanin 70 kafin su cika milimita ɗaya, kuma kowace ta kusa ninka jar ƙwayar jinin mutum sau biyu a tsawo. Siffarta kamar ƙwai, idan an dube ta ta fuska kuma sai ta yi kama da mai kusurwa shida da aka goge wa kaifi. Fatarta sumul ce mai kauri, kuma a ƙarshenta akwai wata 'yar kafa wadda ta nan sabon zare zai ɓullo ranar da ta sami wurin tsira. Idan aka kife laimar a kan farar takarda ta kwana, ƙurar da za ta bari baƙa-baƙa ce mai sirkin shunayya. Wani abu da ya kamata a sani shi ne, ita ƙwayar irin babu sinadarin maye a cikinta. Sai ta tsira ta yi zare da laima sannan sinadarin ke samuwa.

Kaurin fata da duhun launi ba ado ba ne. Ƙwayar tana sauka a kan ciyawa, inda rana za ta dake ta kwana da kwanaki, duhun launin ya kare ta. Saniya ta zo ta cinye ciyawar, ƙwayar ta ratsa tumbi da hanji, kaurin fatar ya tsare ta, daga ƙarshe ta fito a cikin kashi mai ɗumi da laima, wanda shi ne gonarta. Haka abin yake ga 'yar uwarta a sinadari, Panaeolus cyanescens, wadda ita ma a kan kashin dabbobi take rayuwa a ƙasashe masu zafi, sai dai ƙurarta baƙa ce wuluk, ƙwayarta kuma ta fi kama da lemon tsami. Wannan ya nuna cewa tarihin waɗannan halittu a ɗaure yake da tarihin dabbobi masu kiwo: inda garke ya bi, nan ƙurar ke bi.

Daga nan ne rikicin asali ya taso. A shekarar 1906 wani Ba'amurke mai suna Franklin Earle ya fara rubuta bayanin wannan laima daga tsibirin Kyuba, shi ya sa sunan tsibirin ya maƙale mata, sannan a 1948 Rolf Singer ya mayar da ita cikin dangin Psilocybe. Sai dai kafin zuwan Turawa babu shanun gida a nahiyar Amurka, domin a tafiyar Kolumbus ta biyu, a 1493, aka fara kai su tsibiran yankin. Halittar da abincinta kashin shanu ne, me ta ci a Kyuba kafin shanu su iso? Gastón Guzmán, fitaccen masanin Meziko da ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan dangi, yana cikin waɗanda suka yi hasashen cewa daga Afirka ta tsallaka teku tare da shanu a zamanin cinikin bayi.

A ƙarshen 2024 wasu masu bincike daga Amurka da kudancin Afirka suka bayyana wata laima daga Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, suka sa mata suna Psilocybe ochraceocentrata, suka kuma nuna ta hanyar awon ƙwayoyin gado cewa ita ce 'yar uwa mafi kusa ga ta Kyuba. Ƙiyasinsu shi ne, su biyun sun rabu kimanin shekara miliyan ɗaya da rabi da suka wuce, alhali ɗan Adam bai fi shekara dubu goma da ɗoriya da fara kiwon shanu ba. Ke nan kakanninsu sun daɗe suna bin kashin namun daji tun kafin a san turke, kuma labarin tsallaka teku ya fi yadda aka zata sarƙaƙiya. Amma darasin da ya fi jan hankalina daban ne. Wannan laima ba ɓuya ta yi ba, tana nan tana fitowa duk damina, mutane suna ganin ta suna kiran ta da sunan wata, har zuwa ranar da aka ɗauke ta aka auna.

A cikin wannan shekarar ta 2024 masu bincike a Jami'ar Stellenbosch suka bayyana wasu biyu, Psilocybe ingeli da Psilocybe maluti. Ta biyun a kan kashin shanu aka same ta, kuma an rubuta cewa masu maganin gargajiya na ƙasar Lesoto sun san ta. Mutanen da suka fara tsinto su ba furofesoshi ba ne, masu sha'awa ne kawai da suka ɗauki hoto suka aika da samfuri. Da waɗannan biyun ne adadin 'yan asalin Afirka da aka sani a dangin ya kai shida, daga cikin kimanin 140 da aka rubuta a duniya. Ko kusa wannan ba ya nufin nahiyarmu matalauciya ce a wannan fanni. Ma'anarsa ita ce masu dubawa sun yi kaɗan. Rahoton lambun Kew na Ingila na 2023 ya ƙiyasta cewa nau'o'in dangin funfuna a duniya sun kai miliyan biyu da rabi, waɗanda aka raɗa wa suna kuwa ba su wuce 155,000 ba.

A Nijeriya, ayyukan farko da ake yawan ambato a kan laimar kwaɗi daga kudu maso yamma suka fito: na M. H. Zoberi a 1972, da na B. A. Oso a 1975 a kan sanin da Yarabawa suka yi mata. A ɓangarenmu, ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da likita J. M. Dalziel ya wallafa a 1916 har yau yana cikin abin da ɗalibai ke komawa gare shi, bayan shekara ɗari da ɗoriya. Na sha tambayar ɗalibaina, waɗanda da yawansu a cikin shanu suka tashi, su lissafa mini irin laimar kwaɗin da suka sani a ƙauyukansu. Wanda ya fi ƙoƙari shi ne mai kawo uku: fara, da ja-ja, da ta suri. Amma idan na ce su faɗi sunayen shanu, sai ka ji Bunaji da Rahaji da Bokoloji, kowace da launinta da ƙahonta da tozonta. Ido yana ƙwarewa ne a kan abin da aka koya masa ya ɗauka da muhimmanci.

Na san wani zai ce: Malam, ana kashe mutane ana sace su, gonaki sun gagara zuwa, kai kuma kana maganar laimar kwaɗi? Tambayar tana da nauyi, kuma amsarta tana cikin tarihin waɗannan garuruwa. A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum, da Dareta da Abare da Bagega ta Anka. Suna amai, suna jijjiga, suna sanƙarewa. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, wasu suka ce iska ce. Kafin nan agwagi sun riƙa mutuwa a ƙauyukan ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Sai da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta sa aka auna jinin yaran aka gano gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Ƙura ce ta yi wannan ɓarna, a gaban idon kowa, kuma awo ne ya tona ta. Al'ummar da ta sha wannan ɗaci ita ce ta fi cancanta ta san cewa raina ƙaramin abu yana da tsada.

Haɗarin laimar kwaɗi bai kai na dalma yawa ba, amma hanyar ɓuyarsa iri ɗaya ce. Watannin marka su ne na yunwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba, kuma iyalan da rashin tsaro ya kora zuwa Anka da sauran garuruwa sun fi kowa dogara da abin da aka tsinto a bayan gari. Akwai wata babbar farar laima mai fitowa a cikin ciyawa, Chlorophyllum molybdites, wadda ke kama da masu ciwuwa, amma tana haddasa amai da gudawa cikin 'yan sa'o'i. Oso ya rubuta cewa sunanta a Yarabanci yana nufin a ci a ji amon sama. Alamar da ke tona ta ita ce ƙurarta kore-kore ce. Akwai kuma waɗanda suka fi ta sharri, daga dangin Amanita masu farar ƙura, da wasu ƙanana ruwan ƙasa daga dangin Galerina masu ƙura launin tsatsa. Gubarsu ba ta nuna kanta sai bayan sa'a 6 zuwa 24, ta fara da amai da gudawa, sannan mara lafiya ya ji kamar ya warke, alhali hantarsa ce ke lalacewa. Dafuwa ba ta kashe wannan guba, shanyawa ma haka.

Mai karatu ya lura: amai da gudawa a tsakiyar damina, wa zai kawo wa ransa laimar kwaɗi? Kowa kwalara zai ce. Haka yaron da ya ci mai silosaibin, bayan kamar rabin sa'a ya fara dariya ko kuka babu dalili, idanunsa suka buɗe, yana nuna abin da ba kowa ke gani ba har tsawon sa'a huɗu zuwa shida, me za a ce ya same shi in ba aljanu ba? A duka biyun za a nemi magani a inda ba nan cutar take ba. Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

Akwai kuma batun matasa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a rahoton shekarar 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a arewa maso yamma. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Mun ga sholisho, mun ga zaƙami, mun ji labarin kashin ƙadangare. Wayar da ke hannun yaro ta riga ta nuna masa hotunan laimar maye daga ƙasashen waje, saboda haka shirunmu ba zai ɓoye masa komai ba. Abin da wayar ba ta gaya masa da ƙarfi shi ne, ƙananan laimomi ruwan ƙasa suna kama da juna har ƙwararru kan ruɗe, kuma wanda ya fita neman maye da hoto a hannu yana iya dawowa da abin da zai cinye masa hanta. Ko da ya dace da wadda yake nema, firgici da ruɗewar da take jawowa na iya tayar da taɓin hankali ga mai ɗauke da shi a ɓoye. Hukuncin maye a addini sananne ne, a doka kuma silosaibin yana cikin jerin farko na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971, wadda Nijeriya ke cikinta, hukumar NDLEA kuma ke da alhakin aiwatarwa a gida.

Ta ɗaya ɓangaren, duniyar likitanci ta dawo kan wannan sinadari. Albert Hofmann ne ya fara ware shi a Suwizalan a 1958, kuma tun daga Yulin 2023 Ostireliya ta yarje wa wasu likitocin ƙwaƙwalwa su yi amfani da shi ga ciwon damuwar da ya gagari sauran magunguna, a ƙarƙashin tsauraran sharuɗɗa. Inda magani ya shiga, kuɗi sun shiga. Ya kamata mu tuna da María Sabina, tsohuwar nan ta garin Huautla a Meziko, wadda ta nuna wa Ba'amurke Gordon Wasson laimar mutanenta a 1955. Ya buga labarin a mujallar Life a 1957, baƙi suka yi wa garin tsinke, aka ƙone mata gida, ta rasu a 1985 cikin talauci, wasu kuwa suka yi suna da dukiya. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗebi halitta daga cikinta tana da haƙƙi a amfanin da aka samu. Amma yaya za ka yi da'awar abin da ba ka taɓa rubuta cewa kana da shi ba? Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar biliyoyi. Maikuroskof ɗin da ake duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da shi a asibitocinmu, mai girmama abu sau 1,000, shi ne dai ake auna ƙurar iri da shi. Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna yaye ɗaliban kimiyyar halittu duk shekara, kowanne da aikin binciken kammalawa. Da za a ware goma kacal a kowace damina, 'yan asalin Anka da Gummi da Bukkuyum, a ce kowa ya kawo samfuri ashirin, da cikin shekara biyar an tara dubu. Ba sai sun shiga dajin da ke da haɗari ba: karar shanu, da turakun cikin gari, da gefen fadama sun isa a fara. Aikin shi ne a ɗauki hoto, a rubuta rana da wuri da abin da laimar ta tsira a kai, a kwantar da ƙurarta a takarda, a busar da ita, a auna ƙwayoyin, a adana a ma'ajiyar tsirrai irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, duk da izinin jami'a da sanin hukuma. Launin ƙura matakin farko ne kawai. Hukunci na ƙarshe sai an haɗa da awo, wani lokaci har da gwajin ƙwayoyin gado.

Sannan a zauna da Fulani makiyaya da tsofaffin mata a rubuta sunayen da suke kiran kowace da su da abin da suka sani a kanta, da sunan ƙauyen da ilimin ya fito. Rikicin shekarun nan ya tarwatsa rugage da ƙauyuka, kuma duk tsohon da ya rasu a gudun hijira da kundinsa yake tafiya. Su kuma ma'aikatan lafiya a ƙara musu tambaya guda a cikin tambayoyin damina: me yaron ya ci jiya da shekaranjiya?

Ga iyaye kuwa, saƙon gajere ne. Kada a ci laimar da ba a gaji cin ta ba, komai kyanta, kuma ganin akuya ko tsutsa ta ci ba shaida ba ce. Idan yaro ya ci, a garzaya da shi asibiti ko da yana wasa, a tafi da ragowar abin da ya ci a naɗe cikin takarda, domin leda tana ruɓar da ita. Idan ciwon ya jinkirta bayyana, ko ya lafa a rana ta biyu, to a ƙara tsorata maimakon a saki jiki. Daminar bana za ta wuce da laimominta, ta baɗi kuma za ta zo da wasu a kan kandilon shanunmu. Fatana shi ne ta tarar da ɗalibanmu a tsugune a gefen turke da takarda da alƙalami. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya haɗa mu a mako mai zuwa.